Rumbu Kafin Tubali: Yadda Mutanen Ƙasar Runka Suke Auna Ƙarfin Mai Niyyar Gini

Garin Runka, wanda yake cikin ƙasar Safana a yammacin Katsina, yana zaune ne a bakin Dajin Rugu, dajin nan mai faɗi da ya shiga tsakanin ƙasar Katsina da ta Zamfara, kuma duk wanda yake son ya fahimci yadda mutanen wannan yanki da maƙwabtansu na Batsari da Ruma suka saba yanke shawarar kafa sabon gida, lalle ne ya fara da dajin, domin shi ne ya daɗe yana ba su itace da ciyawa kyauta a zamanin lafiya, ta cikinsa kuma tsoro yake ɓullo musu a zamanin fitina. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Birnin Katsina wajen shekarar 1807, Ummarun Dallaji ya zama sarki, zuriyar sarakunan Haɓe kuwa suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi, sai wannan gefe na yamma ya zama hanyar mayaƙa, ana kai hari ana mayar da martani shekara da shekaru, musamman a zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi. A irin wannan hali tambayar ko mutum yana da ƙarfin gina gida ba ta da tsawo, tun da ba mai hankalin da zai ɗauki mata da 'ya'ya ya kai su bayan ganuwa ya ce ya yi muhalli. Abin da ake nema kawai shi ne ɗan sarari a cikin gidan uba inda za a ƙara ɗaki ɗaya, ko da kuwa sai an matsa da turken akuya.

Sai bayan da Turawa suka shiga Katsina a 1903, hare-hare suka lafa, a cikin dogon zamanin Sarki Muhammadu Dikko wanda ya hau gado a 1906 ya rasu a 1944, sannan mutane suka sami zarafin fita suna saran daji, suna kafa unguwanni kusa da gonakinsu. Fili bai zama abin lissafi ba a lokacin. Mutum ya je ya faɗi ya gai da maigari, ya miƙa ɗan abin gaisuwa, a haɗa shi da wanda zai nuna masa inda zai kafa dirka, shi ke nan an gama. Daga nan ne shawarar gini ta zama shawara ta haƙiƙa, wadda ake zama a auna, domin an sami zaɓi tsakanin zama da fita.

Ba a cika yin gini don marmari ba. Galibi aure ne yake jawo shi, ko kuwa rabuwar gandu. Muddin uba yana raye, 'ya'yansa maza suna yi masa noma a gonar gandu, suna da 'yan gayaunarsu na kansu, to, shi ne mai ciyar da su, shi ne mai biya musu haraji, kuma a wuyansa auren fari da ɗakin amarya suke. Ran da ya kwanta dama, ko kuwa matan 'yan'uwa suka kasa jituwa a bakin murhu ɗaya, ran nan ake fara maganar wane zai ware. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantarwa a zaurukan ilmi tun daga Risala har Muhtasar, sun sanya mazauni cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji, tare da ci da sha da sutura, gwargwadon halinsa da al'adar garinsu, kuma sun hukunta cewa ba a tilasta wa kishiyoyi zama a ɗaki guda. Saboda haka talaka ya san cewa ɗaki wajibi ne, amma ya san kuma cewa shari'a ba ta ɗora masa soro ba, kuma wajibin ciyarwa yana gaba da ƙawar gini. A kan wannan tsari na gabatar da abin da ya fi muhimmanci dattawa suka kafa mizaninsu.

Mizanin kuwa rumbu ne. Idan kaka ta yi, an yanke gero an girbe dawa, saurayi ya ga dammunansa sun taru har zuciyarsa ta fara raya masa gida, ba ya tunkarar ubansa kai tsaye, sai ya bi ta wajen ƙanen uban ko wani aminin gidan, a same shi a zaure bayan sallar isha'i, ya durƙusa gefe ya ce, "Baba, dama so nike in Allah ya yarda bana in ɗan tada gini." Dattijon ba zai tambaye shi kuɗi ba. Zai ce, "Madalla, Allah shi yi albarka. Dami nawa ka ɗamre bana? Baki nawa za su ci? Ka fidda zakka? Ka ware iri? Harajin bana fa, da mi za ka biya?" In ya amsa waɗannan, sai a zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi, watau ko abin da zai rage bayan an ciyar da masu aikin gini zai kai shi har sabon gero ya nuna, ba tare da ya bar gonarsa a tsakiyar damina ya tafi ƙwadago a gonar wani ba. Dattijon yana tambaya ne alhali ya riga ya san amsa, domin rumbu a fili yake tsaye, kowa ya ga ranar da aka zuba, kowa kuma yana ganin ranar da aka buɗe. Wanda hatsinsa ya kai nisabi har ya fitar da ɗaya cikin goma, unguwa ta shaida, wanda bai kai ba shi ma ta sani. Idan lissafi bai fita ba, ba a ce masa a'a, sai a ce, "Bari dai mu ga baɗi," shi kuma ya fahimta ya yi godiya ya tashi.

Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Birnin Katsina a 1967 ta kuma fitar da littafinta a kan zaman ƙauyen Hausa a 1972, da ta so ta rarraba magidantan garin bisa ga wadata, sai ta nemi mutanen garin da kansu su kasa su, aka kasa su kashi huɗu gwargwadon yadda kowane gida zai iya jure shekarar da amfanin gona ya yi ƙaranci ko ya makara. Ta kuma lura da abin da kowane manomi ya sani, cewa marasa ƙarfi suna sayar da hatsinsu da kaka lokacin da yake da araha, su dawo suna awo da damina lokacin da ya yi tsada, masu ƙarfi kuwa su rufe rumbu su jira. Ɓatagarawa ba Runka ba ce, amma ƙasa ɗaya ce da noma iri ɗaya, kuma ma'aunin da aka ba ta shi ne dai wanda dattijon zaure yake aiki da shi: ana duba mutum da mummunar shekara, ba a ruɗuwa da mai kyau.

Dalilin da ya sa hatsi ya zama kuɗin gini shi ne kusan duk sauran kayan aiki ƙarfi ake sa wa a samo su. Ana haƙo ƙasa a kududdufin bayan gari, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, matasa su shiga da ƙafa suna tattakawa har ta yi danƙo, a bar ta kwanaki ta ruɓa ana yayyafa mata ruwa, sannan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Magini yana hawa bisa bango ya zauna kamar mai hawan doki, na ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, yana dasa kowane tubali da tsininsa sama yana cike tsakani, kuma ba ya ɗora sahu a kan wanda bai sha iska ba, don haka ginin yake tafiya a hankali komai gaggawar mai shi. A gefe guda wasu sun shiga daji sun saro gofa da sanduna na marke ko ƙirya, waɗanda gara ba ta cika yi musu saurin ɓarna ba, an yanko shuci an yanta shi, an saƙa zana da gamba, an tufka igiyar rama. A ƙasa ake ɗaure tsaiko a yi masa tanka, ranar ɗora shi kuwa sai an kira maza sun kewaye shi sun ɗaga gaba ɗaya da salati, sun aza a kan bango. Daga nan aiki ya koma hannun mata, su zo da madaɓai su yi daɓe, suna yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasan ɗakin ya yi santsi ya yi duhu.

Duk waɗannan mutane ba a biyan yawancinsu ko anini, amma sai sun ci sun ƙoshi, kuma a nan rumbu yake jin jiki: fura da hantsi, tuwo da rana, goro a zagaya, ga matan gida sun kwana suna daka. Bayan haka gayya bashi ce. Wanda bai taɓa zuwa ya taka ƙasar wani ba, ko ya ɗauki jinkar maƙwabcinsa, in ya yi kira sai ya ga yara ƙanana kaɗai sun amsa, saboda haka idan dattawa suna auna mai niyyar gini, suna auna zumuncinsa da mu'amalarsa tare da dammunansa, kuma sau da yawa mai mutane ya riga mai dukiya shiga sabon ɗaki. Akwai kuma hukuncin lokaci, wanda ba ya karɓar uzuri: ba a fara gini sai an gama kaka, kuma a wannan ƙasa mai duwatsu dole a yi kwaɓi tun kududdufai ba su ƙafe ba, a rufe kafin hadarin farko, domin bangon ƙasa da damina ta same shi ba rufi ya koma inda ya fito.

Soro kuwa wani babi ne daban, kuma a kansa ne ake gane wanda ya auna kansa da wanda alfahari ya ja. Rufinsa yana bukatar azara, wadda ake tsagawa daga giginya, ita kuwa saye ake yi a ɗauko a kan jakuna. Tsawon da azara take iya ɗaukar nauyin ƙasa ba tare da ta lanƙwasa ba kaɗan ne, bai fi tsayin mutum ba, saboda haka duk ɗakin da ya fi wannan faɗi sai an yi masa dabara, ko a kafa al'amudi a tsakiya, ko a ɗaura bakan gizo, wannan kuwa aikin gwanayen magina ne masu gadon sana'a, irin waɗanda suke ƙarƙashin Sarkin Magina a birni, kuma su da lada suke aiki. Amma tsadar soro ta gaskiya tana zuwa ne bayan an gama shi, domin kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo, an shafa makuba, mai hali ma ya sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Shekara biyu aka yi sakaci sai rufi ya jiƙe ya yi nauyi, a tsakiyar watan Agusta ya rufto, wani lokaci a kan masu barci. Don haka ne dattawa suke duban abin da mutum zai iya riƙewa shekara goma, suna ganin ɗakin jinka da ake sabunta masa baibaya a kan kari ya fi zama rufin asiri bisa ga soron da ya fi ƙarfin mai shi. Galibi ma zaure ake fara yi wa soro, don shi ne fuskar gida, ciki kuwa a bar shi da kago da darni har Allah ya hore.

Kuɗi sun shigo wannan lissafi ne ta ƙofar haraji. Da Turawa suka kashe kuɗin wuri suka ce a biya haraji da jangali da sulalla, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda ta Funtuwa a 1929, sai gyaɗa da auduga suka zama abin da manomi yake shukawa don ya sami tsaba a hannu. Wanda gyaɗarsa ta yi kyau yakan sayi ƙyauren katako da kwaɗo, ya biya magini, amma mizanin bai sauya ba tukuna, sai dai an ƙara masa sharaɗi: kada a yi gini da falle, watau cin damin hatsi bashi da damina a biya biyu da kaka, wanda malamai suka yi ta tsawatarwa a kansa don riba ce tsantsa, kada kuma a jinginar da gona saboda bango. Mutanen da suka ga yunwar 1914 da idonsu, suka ga gidaje da ginanniyar katanga an bar su ba kowa, ba sa bukatar a yi musu dogon wa'azi a kan haka.

Babban juyi ya zo ne a shekarun 1970, kuma ya zo ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Fari na 1973 ya karya manoma da makiyaya, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta kusan kashe nomanta na sayarwa, alhali a birane kuɗin man fetur suna zuba, ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin Udoji, naira ta maye gurbin fam tun farkon 1973, ƙasa kuma ta shiga haukan siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Ikko a 1975 suna jiran a sauke su. Matasan ƙasar Ruma da Safana da suka tafi cin rani Kaduna da Kano da kudu, suka yi leburanci a wuraren gini, sun dawo da kuɗi a aljihu da kuma sabon ra'ayi game da abin da ake kira gida. Kwanon rufi, wanda a da sai a tashar jirgi da kantunan kamfani da ofisoshin En'e ake ganinsa, ya fara ƙyalli a ƙauye. Ba zan zargi wanda ya so shi ba, domin ya huta da yaɓen shekara-shekara, ya huta da fargabar gobarar hunturu wadda takan cinye unguwar jinka cikin sa'a guda, ko da yake ya sayi zafin bazara, ya kuma sayi iskar farkon damina da take yaye rufi ta jefar a gonar maƙwabci, shi ya sa har yau ake ganin duwatsu jere a kan kwano. Abin lura dai shi ne kwano da katako da ƙusa da siminti ba a samunsu da gayya, kafinta da birkila ba sa karɓar fura a matsayin lada, kuma kuɗin da ke aljihun saurayi ba a fili suke tsaye kamar rumbu ba. Dattijon zaure ya rasa abin da zai duba, ɗan da ya samo kuɗinsa a Ikko kuwa bai ga dalilin neman izni a kan abin da ba daga gandu ya fito ba. Ko da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, aka ɗauke wa uba nauyin biya wa 'ya'yansa, sai wata igiya da ta ɗaure gandu ta ƙara saki.

A ganina abin da ya fi tsanani a wannan sauyi shi ne girman hasarar kuskure. A da, wanda ya yi kuskuren lissafi ya tayar da bango bai rufe ba, abin da ya rasa ƙarfinsa ne da 'yan dammuna, ƙasar ma tana nan baɗi a sake kwaɓa ta. Yanzu kuwa mutum yakan sayar da shanun huɗa, ko ya saki gonar gado, ya zuba a harsashi da bulo, gini ya kai linta kuɗi su ƙare, ya zauna ba gida ba abin noma, kango yana tsaye awaki suna kwana a ciki. Tun daga matsin tattalin arziki na 1986 farashi bai sake tsayawa wuri ɗaya ba har mutum ya gama tara abin da ya ƙiyasta. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Dabarar da talakawa suka ɓullo da ita, kuma dabara ce mai hikima, ita ce su mayar da kuɗi kaya tun ba su narke ba: bana a sayi bandir biyu na kwano, kowane mai falle 20, a jingine a ɗakin uwa, baɗi in an kwashi adashi a sayi katako, a yi bango da ƙasa a yi masa fuska da siminti, a rufe ɗaki ɗaya a shiga, sauran a bar wa shekaru. Wannan kusan komawa ce ga tsohon tsari na gida mai girma ɗaki bayan ɗaki, sai dai an sauya kayan aiki. Bashin gina gida na hukuma kuwa, irin na asusun da aka kafa a 1992 wanda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, an yanka shi ne daidai wuyan mai albashi da takardar mallakar fili, manomin Runka ba shi da ko ɗaya, kuma ko da yana da su, maganar kuɗin ruwa za ta sa ya je ya tambayi malaminsa tukuna.

A 'yan shekarun nan daji ya sake shiga lissafin ta mummunar fuska. Satar shanu da garkuwa da mutane da suka addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa da Jibiya sun taɓa kowane ginshiƙi na tsohon mizani: dabbar da take ita ce ajiyar manomi an kore ta da dare, gonar da take nesa da gari ba ta nomuwa, rumbu ana fasa shi ko a cinna masa wuta, itace da shuci da ake shiga a ɗebo kyauta sun zama abin sayar da rai, abin da aka tara don rufi kuma sau da yawa ya tafi a kuɗin fansa. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe cinikin dabbobi a kasuwannin wannan yanki na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya, har wanda yake da sa bai sami inda zai sayar ba. Mutanen unguwannin da kakanninsu suka fita suka kafa a zamanin Dikko sun tattaro sun dawo cikin manyan garuruwa, wasu sun wuce Dutsin-ma da Birnin Katsina, fili ya yi tsada a inda ake ganin da sauƙin tsoro, ya faɗi a inda babu. Magidancin da ya sami ɗan abin hannu a yau yana zama da ƙannensa da matansa su yi shawara a kan abu uku: ko a gyara na gado a ci gaba da addu'a, ko a sayi fuloti a gari ko da ba za a iya gina shi ba sai bayan shekaru, ko kuwa a kama ɗaki biyu haya a riƙe sauran kuɗin a matsayin jari. Masu zaɓar zama galibi suna yin bangon ƙasa mai sauƙi, su sa ƙarfinsu a kwano da ƙofar ƙarfe, domin waɗannan in tashi ya kama ana iya ɓalle su a ɗora a amalanke.